Shayin Gashin Masarar Iya

Lokacin dashen tumatir, in an idar da isha'i, gindin murhun Iya, kakata ta wajen uba, muke tarewa. Kullum akwai 'yar tukunya a gefen wutar: gashin masara, kanumfari da citta. Ba don marmari take sha ba. Ciwon sanyi ne ke cin ta, fitsari na yi mata zafi kamar barkono, amma mu yara ina muka sani?

"Angona, janye mini ƙafar nan taka mai kaushi," haka take tsokanata. "Ku buɗe kunne, ga ta nan ta iso."

Tatsuniyar bushiya ta fi yi mana. Wai ƙaya ce ta soke ta a ciki. Duk sanda wanzami ya zo cirewa sai ta dunƙule, ta ce lafiyarta ƙalau. In ya tafi ta tsinko ganye ta dafa ta sha. Ana tsaka da labari sai Iya ta cije leɓe ta miƙe, "Bari in leƙa awaki." Mu yi ta mita, wai ja mana rai take yi. Ashe bayi take zagawa. Ta dawo ta ƙarasa: bushiya ta mutu a dunƙule. Mu ƙyalƙyale da dariyar wautarta.

Baba ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta faɗa, "yaron nan" take cewa, da furfurarsa. To da wane bakin za ta ce masa fitsari ke ƙona ta? Sai da zazzaɓi ya kayar da ita Baba na can wajen ban ruwa a Kadawa, aka kai ta asibiti a Kura. Likita ya ce ciwon ya hau ƙoda, da an zo da wuri da ƙwayoyi sun wadatar. Ba ta dawo gida da ƙafarta ba. Wallahi har yau abin na ƙona mini zuciya.

Ban ga laifin shayin ba, shi kaɗai take iya kai wa kuka ba ta ji kunya ba. Na daɗe ina mamakin yadda wadda ta san ƙarshen bushiya ta bi sawunta. Sai da na girma na gane ba wa'azi take mana ba. Faɗa mana take yi, iyakar yadda bakinta zai iya.

Ni ma ɗan fari ne. Yanzu da Inna, mahaifiyata, ta manyanta, nakan zauna gabanta in tambaye ta kai tsaye: fitsari fa, babu zafi? Ta ja mayafi ta rufe fuska, "Kai, tashi ka ba ni wuri, marar kunya!"

Ba na tashi. Zagi dai mai rai ke yin sa.