Ruwan Sabulu a Birkin Yaya Modu

Shekara goma sha biyu ke nan da aka harbe yayana Modu a shingen bincike na hanyar Dusuman, kuma wallahi har yau ban daina tuna dalilin ba. Direban a-kori-kura ne mai ɗauko wa dillalai raguna zuwa kasuwar dabbobi, ko faɗan baki ba ya yi da kowa. Birki ne ya jawo masa, shi da duk unguwarmu ta Abbaganaram ta san shi da tsoron matsalar birki.

Kullum da safe kafin ya tayar da mota sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta ko akwai ɗigon mai, ya taka birki ya ji taurinsa, ya girgiza sitiyari ko yana wasa. Abokansa na tsokanarsa, "Modu, mota ce ko amarya?" Abin da ya fi tsana shi ne dabarar nan ta direbobinmu, in man birki ya ƙare a dama garin sabulu da ruwa a ɗura a madadinsa. Na sha jin yana yi musu faɗa: "Ruwan nan da ya ji zafi shi ke nan. Ka taka, ƙafarka ta tafi ƙasa, sai dai salati."

Yaran yanzu ba su san yadda ake wuce shinge a waɗancan shekarun ba. Mai tafiya a ƙasa sai ya ɗaga hannuwansa sama. Mota kuwa tun daga nesa take tsayawa har sai an yafito ta. Wadda ba ta tsaya ba, a wurin masu tsaro bam ce, domin sun sha gani, sun binne abokansu.

A makon da abin ya faru babbar sallah ta matso, an rufe shagunan kayan mota bayan wani tashin hankali, ga ragunan mutane na jiransa a Dusuman. Ya tafi ya ɗauko. Waɗanda suke wurin sun ce motar ta taho ba ta rage gudu ba, shi kuma ya fito da kansa ta taga yana ihu, "Ba birki! Ba birki!" A gabansa mata ne jere, hannuwa sama, wasu da goyo. Ya murɗa sitiyari ya kauce musu, motar ta nufi buhunan yashin da masu tsaro ke bayansu. Aka buɗe wuta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ragunan ma yawancinsu babu abin da ya same su.

Ni na rantse wani ne ya taɓa masa mota. Modu fa? Bayan addu'ar uku muka jawo ta gareji a unguwar Gomari. Makanike ya buɗe murfin man birki, sai ga kumfa. Da na koma gida na gaya wa matarsa Ya Fanna, sai ta ce, "Da safen ranar nan ya ɗebi garin sabuluna. Na ce wanki za ka yi? Ya yi dariya ya ce yau kaɗai ne."

Bai bar gida ko gona ba. Amma akwai wata baiwar Allah cikin matan nan da har yau duk sallah take kawo wa Ya Fanna nama, tare da ɗan da take goye da shi ranar, wanda yanzu ya kusa kamo ta tsayi. In na gan su ina jin daɗi, ina kuma jin haushin yayana, duka a lokaci guda.

Yau shingaye sun ragu, shaguna a buɗe, man birki ko a bakin titi za ka samu. Da Yaya Modu zai leƙo, na san zai yi murna da garin, amma me zai ce da mu? Makon jiya a Gomari na ga wani direban bas cike da fasinja yana girgiza ruwan sabulu a gora. Ban san lokacin da na fizge na zubar ba.

Ya ce, "Haba Baba, lafiya? Yau kaɗai ne fa."

Na ce, "Ɗana, wanda ya fi ka sanin birki ma sau ɗaya ya gwada."