Teburin Illo da Yajin Ɗelu

Matso kusa, ja tabarma ka zauna, in ba ka labarin Illo mai bindiga. In ka taɓa zuwa biki a Madarumfa ka ji ƙarar da ta sa jakuna tsinke igiya, to ka san shi ko ba ka gan shi ba.

Illo ɗan maharbi ne, jikan maharbi. Sai dai ko da ya tasa, dajin ya zama gonakin gero da wake, namun sun yi gaba. Abin da ya gada bindigar toka ce guda, wadda yake kira Ta-Gabi, don a garin Gabi tsohonsa ya samo ta. Shekara talatin shi ke harbin farko a kowane taro, aure ne ko tarbar alhazai, albarushi zalla ba harsashi. Sai ya harba sauran ƴan bindiga ke ɗaga tasu. Ba shanu gare shi ba, ba sarauta. Wannan harbin shi ne rawaninsa.

To bara Ta-Gabi ta ba shi kunya sau biyu. Ya ja, ta ce ƙyas, shiru. A ƙasa yake ɗurinta, cikin ɗakinsa, ga laima ga kaji. Sarkin Baka Sule, shugaban maharba, ya kira shi ya ce, "Illo, yayata Hajiya Atika na dawowa daga Makka ran Laraba. In Ta-Gabi ta ƙi tashi, harbin farko ya bar gidanku."

Illo ya dawo gida ya kwance katakon tsohon amalankensa. Kwana uku yana bugun ƙusa da gindin gatari. Teburi ya fito, ɗan ƙarami, ƙafa ɗaya ta gaza ƴan uwanta, ya tallafe ta da katangar fasasshiyar tukunya. Ya yi masa ɗan kanta a sama inda gwangwanin albarushi zai zauna. Saura wurin ajewa. Damina ta faɗi, ɗakinsa na yoyo, ɗakin matarsa Ɗelu ne kaɗai mai rufin kwano.

"A ɗakina?" in ji Ɗelu. "Malam, wuta za ka aje mani a gindin gado?"

"Teburi ne, ba wuta ba."

"To mai ɗaki na da rabin teburi."

Ya yarda, don ba shi da yadda zai yi. Ɗelu kuwa mai ƙosai ce, yajinta kuma har daga Safo ake aikowa saye. Ta duba ta ga duk gidan ba inda ya kai kantan nan bushewa, ta ɗora yajinta. Gwangwanin madara nata, gwangwanin madara nasa, kamar tagwaye.

Abu biyu ya kamata ka sani. Idon Illo ya fara hazo, amma ya ce maharbi ba ya sa tabarau. Sannan akwai dokar da tsohonsa ya bar masa: in ana ɗurin bindiga a rufe ƙofa, kada mace ta gani, kada kowa ya yi magana har a harba.

Laraba da hantsi ya kori Ɗelu waje ya ja ƙyaure. Ɗaki ya yi duhu. Ya lalubo gwangwani ya zuba awo ɗaya. Ya ce a ransa yau sai an ji ta har garin Ɗan Issa, ya sake miƙa hannu ya ƙara, ya danna tsumma. Daga waje Ɗelu ta ji atishawa, ta ji ta biyu.

Yana fitowa ta ce, "Malam, wane gwangw…"

Ya ɗora yatsa a baki, ya zare mata ido. Ta ɗauki mayafi ta bi bayansa. Ta ce a ranta wannan kallon ba a ba ta labarinsa.

Motar Hajiya ta tsaya, mata na guɗa. Illo ya ɗaga Ta-Gabi sama ya ja. Daram! Ta tashi, har tsuntsayen bakin tabki suka watse. Sai wani jan hayaƙi ya sauko a hankali kan jama'a. Mai guɗa ta fara, maroƙi ya karɓa, kafin ka ce me duk fili atishawa. Sarkin Baka ya yi ɗaya da ta tuge masa hula.

"Illo!" in ji shi, hawaye na zuba. "Mi ka zuba mata?"

Illo na tari, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ce ta tashi. Ta tashi ko ba ta tashi ba?"

Hajiya Atika ta share ido da gefen mayafi, tana dariya tana tari. "Sule, ƙyale shi. Wata guda ina cin abinci lami. Wannan yajin Ɗelu ne, sai yanzu na san na iso gida."

Sarkin Baka ya ɗauki hularsa ya kaɗe. Ya ce harbin farko na nan gidan Illo, amma da sharaɗi: daga yau Ɗelu ce za ta miƙa masa gwangwani, ƙofa a buɗe.

Haka ake yi har gobe. Teburin na nan da guntuwar ƙafarsa, Ɗelu na tsaye a kansa tana cewa, "Ba wannan ba, Malam, wancan." Illo ya tsira da harbinsa, dokar tsohonsa ta tafi. Kai da ka ji, in kai ne Illo, wanne za ka riƙe?