Dawar Bayan Ɗakin Milka

Duk wanda ya san Milka a ƙauyensu, can bayan Zangon Kataf, ya san ta da abu biyu: ƙafar hagu da cutar shan inna ta shanye tun tana goye, da kuma baki wanda har yau babu abin da ya shanye shi. Ta auri Azariya, ta binne shi. Ɗansu Kaleb yana tuƙa Keke Napep a Kafanchan, ita kuwa ta ce sai dai a kai gawarta birni. Kowa ya koma noman citta, ita tana nan kan dawarta, dawar ma a gindin bango take shuka ta, har ganye na shafar kwanon ɗaki. Matan zumuntar coci na yi mata tsiya wai kaji ma sun fi ta nisan kiwo, takan ce su je su tambayi rumbunta.

Daminar da aka kai hari ƙauyen ƙetaren rafi, dagaci Kumai ya tara dattawa da fasto da Meshak shugaban 'yan banga. Suka yanke cewa duk shukar da ta fi mutum tsayi kusa da gidaje a sare ta, don a ciki mahara ke laɓewa. Ba a kira mace ko ɗaya ba. A sanarwar coci Milka ta ji.

Ta dogara sandarta har gidan dagaci, ta faɗa masa abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara shida da suka wuce, ranar da gari ya watse kowa ya yi kan dutse, babu wanda ya waiwaye ta. Da rarrafe ta shiga dawar, ta kifa fuska a kunya tun hantsi har la'asar, tana jin takun mutane da muryoyin da ba ta sani ba suna wucewa dab da ita.

"Ranka ya daɗe, ku kuna da ƙafa," in ji ta. "Ni dawan nan ne gudu na."

Kumai ba mugu ba ne, irin mutanen nan ne da suke sauraronka da kyau bayan sun riga sun gama yanke shawara. Ya ce in aka bar nata kowa zai kawo nasa dalili, kuma 'yan banga za su riƙa zagayawa.

"Domin lafiyan ki ne, Maman Kaleb."

Ranar Talata da safe 'yan banga suka zo da adduna, dawa ta fara fitar da kai. Ladabinsu ma ya fi komai ƙona rai: suka gaishe ta, suka sare, suka jera karan a gefe tsaf.  Milka tana zaune bakin ƙofa, ga fili fetal daga bangonta har rafi, ko akuya ba ta da wurin ɓuya. Tsoro take ji, irin wanda rabonta da shi tun waccan ranar.

Meshak ya share zufa, ya rataya mata usur a wuya, ya ce in ta ga wani motsi ta busa.

"Kin gani, Mama? Yanzu tun daga rafi za ki hango su."

Ta dubi rafin, ta dubi sandarta.

"To, Meshak, na hango su. Sai in yi yaya?"

 Sai ya ɗauki addarsa ya bi sauran zuwa gida na gaba.