Sanarwar da Kaka ta Tsafe ta ƙi ji

Kwanaki na buɗe wata tsohuwar tocila, warin batir da ya zuba a ciki ya bugi hancina. Warin zauren gidanmu ne na Rawayya, inda babana yake ajiye rediyonsa. Idan batir ya yi sanyi, mu yara muke jera su kan katanga su sha rana, wai ƙarfinsu ya dawo. Ko yana dawowa da gaske, ban sani ba. Mun dai yarda.

Kakana ya rasu da damina, gero ya fara fitar da kai. Ina jin shekara guda ce ko biyu bayan an fara tura mu firamare, ko da yake ba zan rantse ba. An kai shi makwancinsa kafin la'asar, ana yayyafi.

A wancan lokacin, a gidanmu dai, ba a aika labarin mutuwa ta bakin bare. Ɗan gida ake tasa, babba, ya je da ƙafarsa. Zai cire takalmi, ya durƙusa, ya sha ruwan da aka ba shi, a gaisa a tambayi hanya da shuka, sannan ya faɗa. Kuma daga babba ake farawa. Babbarmu ita ce yayar kakana, wadda aure ya kai Tsafe tun ba a haifi babana ba. Mu muna ce mata Kaka ta Tsafe. Ita ta goyi kakana yana jariri, kuma ba a raba gumbar sadaka a gidanmu sai ta sa hannu.

Babana ya ɗora wa ƙanensa Baffa wannan aike. Baffa malamin ofis ne a Gusau, shi kaɗai ya yi boko a cikinsu, kuma tashar motar Tsafe ba ta da nisa da gidansa. Ya amsa, ya tafi. Da ya isa Gusau ruwa ya tsuge, ga aiki yana jiran sa. Sai ya rubuta sanarwa ya kai wa wakilin gidan rediyo. Ba na zaton ƙyuya ce. A ganina so ya yi ya girmama mahaifinsa, a ji sunansa har inda ƙafa ba za ta kai ba.

Muna zaure aka karanta. An faɗi sunan kakana da garinmu da sunayen 'ya'yansa maza. Cikin masu zaman makoki wani tsoho ya ce lalle malam ya yi arzikin 'ya'ya. Ni kaina na ji daɗi. Ban taɓa jin an ambaci Rawayya a rediyo ba.

Mutane suka yi ta zuwa, daga Kekun Waje, daga Magami, har Fulanin da suke kiwon shanun kakana. Aka yi sadakar uku, Kaka ba ta zo ba. Innata ta jiƙa gero ta shanya, ta ƙi dakawa. Matan gida suna ta leƙen ƙofa.

Wani maƙwabcin Kaka, mai fataucin gishiri, shi ya kawo bayani. Ya ce a tsakar gidansu aka kunna rediyon, tana zaune tana kaɗi. Ta ji komai. Ba ta ajiye mazarin ba. Da mata suka taso yi mata gaisuwa, sai ta ce, "Gaisuwar mi? Ni ba wanda ya zo ya gaya mani komi."

Babana bai ɗaga murya ba. Ya sa aka kira Baffa, ya tambaye shi ko ya je Tsafe.

"Yaya, ai an faɗa a rediyo. Duk ƙasar nan an ji."

"Duk ƙasar nan na aike ka?"

Washegari da sassafe suka kama hanya su biyu. Sauran labarin daga bakin babana na ji shi, bayan na girma, don haka mai yiwuwa na rage wani abu. Ya ce sun same ta ta rame, ba ta cin abinci sosai, amma idonta a bushe. Ta ba su ruwa. Ta tambayi hanya, ta tambayi gero, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta dubi Baffa ta ce, "Ina ƙanena? Yana lafiya?"

Baffa ya fara cewa, "Gwaggo, na san kin ji a..." Babana ya taɓa masa gwiwa. Sai Baffa ya sauko daga tabarma, ya durƙusa a ƙasa da wandonsa na ofis, ya ce, "Gwaggo, Baba ya riga mu gidan gaskiya. Allah Ya karɓi abinsa."

A nan ta yi salati, ta ja mayafi ta rufe fuska. Babana ya ce kukan da ta riƙe duk kwanakin nan ya fito har maƙwabta suka shigo. Da yamma suka iso da ita. Ta wanke hannu ta damƙi gumbar farko, ta miƙa wa Baffa.

Yau aikin rediyo nake yi, kuma na karanta sanarwar rasuwa da yawa. Ba zan ce aikin ba shi da amfani ba, don na san waɗanda ta hanyarsa kaɗai suka samu jana'izar iyayensu. Yanzu ma waya ta riga mu, hoton mamaci yakan zagaya kafin a gama yi masa wanka. Wataƙila ba mai jiran a zo a durƙusa masa kuma. Duk da haka, idan aka kawo mini sanarwa, nakan tambayi mai kawowa ko akwai wani babba da ba a gaya wa ba tukuna. Abokan aiki suna cewa ina ɓata lokaci, kuma sau da yawa suna da gaskiya. Amma wani lokaci mutumin yakan ce in dakata, ya fita ya je ya gaya wa babban nasu tukuna.