Ranar da Aka Sa Ni Rushe Ƙofar da Na Gina

Ni magini ne, kuma da hannuna na gina ɗakin fiɗar. Mai wurin wani likita ne ɗan garinmu, Dogon Dutsi, wanda ya daɗe yana aiki a Yamai. Ya dawo gida da niyyar buɗe ƙaramin kilinik inda za a yi wa mutum aikin ƙaba ko a cire masa ƙari da safe, ya kwana a gidansa.

Sai dai ba a sa wa kowa wuƙa sai gwamnati ta duba wuri ta ba da takardar izini. Aka turo wata mata daga Doso, gajeriya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta buɗe famfo, ta bi bututu har bayan katanga don ta ga inda ruwan datti yake zuba. Ta sa aka kunna tukunyar dafa kayan aiki, ta tsaya a kanta. Ta sa aka yanke wuta, ta jira injin ba da wuta ya tashi.

Can ta juyo gare ni. "Malam magini, hau gadon nan ka kwanta."

Na hau ina jin kunya. Ta turo gadon da kanta, ya zo ƙofa ya cije.

"In aiki ya rikice, ta nan za a fitar da mutum zuwa babban asibiti," in ji ta. "A faɗaɗa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san ajinsu ɗaya da likita a lakwal, wato makaranta, na zaci zai ja ta gefe su daidaita. Bai ja ta ba. Ya ce, "Hajiya ta fi mu gaskiya. Malam, gobe ka zo da guduma."

Ina cikin rushewa wani tsoho ya zo daga Kiéché a amalanke, ƙaba ta hana shi noma. Ya ga kayan aiki a jere, ya yi ta roƙon a yi masa fiɗa.

"Baba, hannuna ya iya," likita ya ce masa, "amma ɗakin bai samu izini ba tukuna."

Ya sa shi a motarsa, ya kai shi asibitin gwamnati. Ina tsaye da guduma ina kallonsu, fushina ya sauka.

Matar ta dawo gab da damina, ta sake duba komai kamar ba ta taɓa zuwa ba, sannan ta sa hannu. Bayan wasu makonni takarda ta iso daga Yamai.

Kawuna na Guéchémé yana cikin waɗanda aka fara yi wa aiki. Ya shiga da hantsi yana salati. Da la'asar na tarar da shi zaune, yana gardama da likita kan ranar da zai koma gona. Likita ya ce sai bayan noman farko, ya kuma sa shi ya maimaita a gaban matarsa.