Zauren da ya girmi ganuwa

Duk ƙasar Zurmi babu ginin da ya kai zauren gidanmu shekaru. Haka nake faɗi a tashar Kaura Namoda lokacin ina jan mota, in ƙara da cewa kakan kakanmu ya ɗora azararsa tun kuraye na cin kasuwa a wurin, ganuwa ma daga baya ta zo ta same shi.

Gaskiyar ciki ita ce mutanenmu daga arewa suka gangaro da jakuna, suka kafa bukkoki kusa da gulbi, sannu a hankali suka koma tubali. Kududdufin bayan gida, inda muka koyi iyo, ramin ƙasar ginin ne. Kafin kowace damina a jiƙa makuba a yi yaɓe, a gyara indararo, gida ya kwana yana wari mai daɗi. Ran da bazara ke gasa ƙadangare, ka shiga zauren nan sai ka nemi mayafi.

Da muka samu jiha, bulo da kwano suka cika gari. Da shari'a ta zo, kowace unguwa na son Islamiyya. Yayana, malamin gidanmu, ya ce za a rushe zauren a yi aji biyu na siminti. Na bar lodi na taho.

"Yaya, ka ji tsoron Allah! Tarihi za ka sa wa diga?"

"Yara saba'in na karatu cikin zafin rana," in ji shi. "Mu je wurin Gwaggo ta raba mu."

Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce, ita kaɗai ta rage cikin manya. Na durƙusa na zuba mata bayani: mahara sun yi wa zauren nan zobe sun gaji, harsashi ya taɓa shi ya nemi gafara. Har hawaye na matso, kuma rabinsu na gaske ne, don a dakalinsa mahaifinmu ke yi mana aski.

Ta gama tauna goronta, ta dube ni.

"Wane zaure, wanga? Na tsohonmu ruwa ya kashe shi tun da daɗewa. Ran da anka kwaɓa ƙasar wanga, ni ka ɗibar ruwa, kana goye kana jiƙa min zane. Kai ɗan nan, ka girme shi da wata bakwai. Malam, a kawo diga."