Teburin Harsashi a Ɗakin Ƙuruciyata

Mahaifina bai taɓa yanka ko kaza a gabana ba. Tun muna yara, in Babbar Sallah ta zo, maƙwabcinmu yake kira ya yanka mana rago, shi kuma ya tsaya a bakin zaure yana kallon wani wajen har a gama. Malamin gona ne a ƙaramar hukumar Ajingi, kullum yana kan tsohon babur ɗinsa yana bin ƙauyuka. Da ya yi ritaya sai ya zauna a gidanmu na kusa da Toranke, ya sayi shanun huɗa biyu, ya mai da su tamkar 'ya'yansa.

Wata rana maza sun tafi jana'iza a ƙauyen gaba, aka zo da rana tsaka aka kwance shanun daga turke. An bi sawu har aka gaji, ba a same su ba. Baba bai yi faɗa ba, bai yi kuka ba. Magana dai ya rage.

Ni a lokacin ina aure a Gaya, ina koyarwa a firamare. Da aka yi hutun damina na kwashi yarana biyu muka tafi gida. Ina shiga tsakar gida na ji ƙarar guduma daga ɗakin da na tashi a ciki, inda nake sauka duk lokacin da na zo. Na leƙa. An fitar da gadona. Wani kafinta yana durƙushe yana kafe wani tebur mai kauri a jikin bango. A gefen teburin an ɗaure ƙarfen matse abu irin na makanikai, ga ɗan sikeli irin na masu sayar da gwal, ga kuma wani tsohon kwanon Inna cike da jajayen kwanson harsashi da aka riga aka harba. A lungu bindiga ce a jingine, daidai inda nake ajiye akwatina.

Ina riƙe da labule Baba ya juyo daga gefen kafintan ya gan ni.

"Uwata, kun iso?" in ji Baba. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Baba, mene ne wannan?"

"Tebur ne."

"Na ga tebur. Wancan fa?"

Ya ce ya shiga cikin masu sintirin unguwa, bindigar kuma da takardarta. Harsashi ya yi wuyar samu, shi ya sa zai riƙa sake cika kwanson da aka harba, kamar yadda maharba suke yi. Ya faɗa ne da muryar da yake yi wa manoma bayanin taki.

A bakin ƙofa wani tsoho yana zaune a kan buhu, maharbi ne daga wajen Ajingi, shi zai koya wa Baba aikin. Da na durƙusa gaishe shi ya ɗaga hannu, sai na ga yatsu uku ne kawai a hannun. Ya lura da inda idona ya tsaya, ya yi dariya.

"'Yata, wannan sana'ar ce ta ci biyun. Amma ni ganganci na yi, babanki kuwa mai natsuwa ne."

Na juya na kalli Inna. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Daga baya da muka keɓe ta ce mini ta yi magana har ta gaji. "Mutumin da na sani ba shi ne wannan ba," in ji ta. "Tun da shanun nan suka tafi ban san da wa nake zaune ba."

Kwanakin da suka biyo baya ina kallonsa ta taga. Ya kafa katako a bango ya jera gwangwanaye, ya sa aka buɗe taga ta biyu don haske, ya hana kowa shiga da fitila ko ashana. Yakan sa tabarau ya sunkuya a kan sikelin, yana auna wani baƙin gari a natse. Wannan natsuwar ta fi komai tayar mini da hankali. Na hana yarana bi ta ƙofar ɗakin. Abu ɗaya ne bai yi ba: bai gaya wa Goggo abin da ke cikin gwangwanayen ba.

Goggo yayarsa ce, ita ta goye shi. Tun da mijinta ya rasu take zaune tare da mu, idonta ya yi rauni amma ba ta iya zama ba aiki. Baba yana jin nauyinta, ya san in ta ji za ta hana. Da ta tambayi abin da tsohon yake kawowa, sai ya ce mata kayan maza ne. Ita kuma ta ɗauka maganin gargajiya ake haɗa masa.

Ranar da abin ya faru, an yi ruwa mai ƙarfi da hantsi, Baba yana gona. Rufin ɗakin ya yi yoyo. Goggo ta ji ɗigar ruwa a kan kwano, ta shiga ta laluba, ta ji wani gwangwanin madara a jiƙe, murfinsa bai rufu sosai ba. Ta buɗe ta taɓa, ta ji garin ciki ya ɗan yi danshi. Sai ta yi abin da take yi wa kuka da garin kuɓewa in sun sha sanyi: ta juye a faifai ta kai rumfar girki ta ajiye kusa da murhu.

Ina fitowa daga wanka na hango ta zaune tana fifita wuta, ga faifan a gefen ƙafarta, baƙin gari a baje a kai. Na gane shi, don na ga Baba yana aunawa. Albarushi ne. Na ce, "Goggo, ajiye maficin nan."

"Me kika ce?"

Ta juyo wajena, maficin ya bugi itacen da ke ci.

Ba ƙara na ji ba, wani irin huci ne, sai haske ya cika rumfar, farin hayaƙi ya turnuƙe. Na daina ganin Goggo. Kaji suka watse, karan rufin rumfar ya kama. Ban san lokacin da na shiga ba. Na dai tsinci kaina ina jan ta a cikin taɓo, ɗankwalinta yana ci da wuta, Inna tana sheƙa mana ruwan randa tana salati. Ɗana ƙarami yana tsaye a ƙofar ɗaki da kofi a hannu, ko kuka bai yi ba. Kafin na shiga wanka a jikin Goggo na bar shi.

Hannunta na dama ya saɓule, gefen fuskarta ya ƙone, girarta ta tafi. Maƙwabta suka kashe wutar. Aka samo adaidaita muka nufi asibiti a Gaya, hanya duk ruwa, tana jingine a kafaɗata tana cewa, "Maganin yaron nan ne, na ɓata masa magani."

Baba ya iso asibitin da taɓon gona har gwiwa. Nas ta tambayi abin da ya ƙona ta. Shi ya amsa.

"Albarushi ne. Nawa ne. Ni na ajiye, ban gaya mata ba."

Goggo ta juyo da fuskarta mai bandeji wajen muryarsa. "Auta, albarushi? A gidan da jikoki suke kwana?"

"Yaya, ki yafe mini."

Duk zamanta a asibiti shi yake ba ta kunu a baki da cokali, tana karɓa, amma ba ta ce masa uffan ba.

Na ɗauka in mun koma gida zai sa gatari ya farfasa teburin. Na ma gaya wa Inna haka. Amma da aka sallami Goggo muka dawo, sai na tarar da magini yana ɗora bulo a ƙarshen gona, nesa da gidaje. Ɗan ɗaki ne ake ginawa, da ƙofar ƙarfe. Ina tsaye aka cire teburin daga bango, maza suka ɗauke shi a ka suka bi ta cikin gero, Baba yana biye da su da sikelin a hannu.

Na bi shi har bakin gona.

"Baba, bayan duk abin da ya faru?"

Ya tsaya, bai juyo ba. "Ajiyar ce na yi ba daidai ba, Uwata. Waɗanda suka zo mana da rana tsaka ba su fasa zuwa ba."

Washegari na haɗa kayan yarana.

Goggo ma ba ta ƙara mako a gidan ba, ɗanta ya zo ya tafi da ita Ajingi. Hannun ya warke a ƙanƙance, da hagu take jan carbi yanzu. Duk ranar kasuwa Baba yakan je ya gaishe ta, ya kai mata goro da man shafawa. Ta koma yi masa magana, amma gidanmu ba ta sake takowa ba.